Tokar Tuƙar Rake da Gyaran Ƙasar Gini a Fadamar Haɗejiya

Kogin Kano da kogin Calawa su ne suke haɗuwa a kudu da birnin Kano su zama kogi guda, ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya sauka Haɗejiya. Muddin yana bisa ƙasar dutse, cikin kwarinsa yake tafiya kamar sauran koguna. Amma da zarar ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan ta kwarin Cadi, sai gudunsa ya ragu, ya rarrabu rassa rassa. Wani reshe ya nufi Kafin Hausa, wani kuma, watau Marma, ya nufi Nguru, wani shi ne Burum Gana, sauran ruwan kuwa ya lallaɓa har ya sadu da na kogin Jama'are kusa da Gashuwa. Tsakanin rassan nan akwai jigayi, watau tsofaffin tuddan rairayi waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take yau. Daga gare su ne jihar Jigawa ta samo sunanta sa'ad da aka yanke ta daga Kano a 1991.

Saboda haka ƙasa iri biyu ce galiba a gaban magini da mai aikin hanya a wannan yanki. A tudu akwai rairayi, wanda ba shi da danƙon da zai riƙe kansa. A fadama akwai laka, wadda danƙonta ya yi yawa. Dutse kuwa babu shi, sai an ɗauko daga wajen Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure, jan birji ma da ya wadata a ƙasar Kano da Zazzau ba a cika samunsa a kusa ba. Kuɗin ɗauko kayan nan a mota shi ke cinye babban rabo daga abin da aka keɓe wa kowane aiki.

Halin laka shi ne ya kamata a fara ganewa. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya iya rarrabe su, kuma falle falle suke kamar takardu da aka jera. In ruwa ya zo sai ya shiga tsakanin fallayen, lakar ta kumbura ta yi taushi. In rani ya yi sai ta tsuke, ta tsattsage, har a wasu wurare mutum ya sa hannu cikin tsagar. Akwai irin da ya fi kowanne wannan hali, shi ne baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi, wadda ta cika gabashin Borno, ake kuma samunta a wajen Numan da Gombe. Hanyar da aka shimfiɗa bisa irin wannan ƙasa tana hawa da damina, tana sauka da rani, ba ta daɗewa kwaltar ta kakkarye.

Sa'an nan ga ambaliya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, halin kogin ya sāke. A dā ya kan cika da damina ya wanke kwarinsa, ya kusa ƙafewa da rani. Daga baya sai ruwa ya riƙa gudana kaɗan kaɗan duk shekara, ciyawar kacalla ta sami wurin zama, laka ta taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. In babban ruwa ya zo bai sami hanya ba sai ya fāɗa gonaki da garuruwa. An ga haka a 2001, da 2012, da 2018, da 2020, da 2022, a ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da Haɗejiya kanta. Ginin ƙasa kuwa daga gindi ambaliya ke cinsa. Ruwa ya kwanta kwana biyu ko uku a jikin bango, ƙasar ta tsotse shi zuwa sama kamar yadda lagwani ke tsotson mai, gindin ya koma taɓo, nauyin azara da rufi ya danno, ɗaki ya zube, wani lokaci da mutane a ciki. Wanda ya sami hali ya kan sāke gini da bulo da siminti. Amma siminti daga nesa yake zuwa, daga Ashaka ko Sakkwato ko Obajana, kuma ba kowane manomi ke iya sayen buhu ashirin ba bayan ruwa ya ci shinkafarsa. Yawanci da ƙasar da ta zube ake sāke tayar da bangon, a wurin da ya zube.

Wannan shi ya sa tambayar da injiniyoyi suka daɗe suna yi ta zama tambayar talaka kuma: ko akwai wani abu mai araha, wanda ake zubarwa, da za a cuɗa da ƙasar wuri ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage shan ruwa? Ɗaya daga cikin abubuwan da aka gwada shi ne tokar tuƙar rake.

Abin da magina suka riga suka sani

Kada a ɗauka gyaran ƙasa baƙon ilmi ne a ƙasar Hausa. Maginin gargajiya bai taɓa ɗebo ƙasa ya ɗora hakanan ba. Ya kan jiƙa ta, a tattake, a zuba ciyawa ko kashin doki, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sāke tattakewa, kāna a yi tubali. Ciyawar tana hana tsagewa. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana sa yaɓe da daɓe su yi tauri su ƙi ruwa. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, bakan gizonsa suna nan har yau.

Amma abin da ya fi kusa da zancen toka shi ne laso. Laso haɗi ne na katsi da gashin jima da ruwan dafara, da shi ake shafe rufin soro da cikin rijiyar marina don kada ruwa ya ratsa. Katsi kuwa daga gindin rijiyar marina ake kwaso shi. Abin da ya kwanta na toka da baba shi ake curawa, a shanya, a ƙona, a daka. In aka dubi wannan da idon masanin sinadarai sai a ga hikimar da ke ciki. Tokar itace tana da gishirin toka mai narkewa, wanda shi ne mata ke tacewa don miya da sabulu, tana kuma da sinadarin farar ƙasa mai yawa wanda ba ya narkewa da sauƙi. Ruwan marina ya janye na farko ya bar na biyu, wuta kuma ta gasa shi ya zama mai kama jiki. Ashe marina da magina sun daɗe da gane cewa toka da toka akwai bambanci, kuma toka ba ta zama kayan gini sai an yi mata aiki. F. W. Taylor da A. G. G. Webb sun rubuta bayanin sana'ar gini da Hausa a littafinsu na al'adun Hausawa a 1932, A. F. Daldy na ma'aikatar ayyuka kuma ya bayyana haɗe-haɗen nan a 1945, amma yau da wuya a sami saurayin magini da ya taɓa kwaɓa laso da hannunsa, gama marinar ma ta yi ƙaranci.

Abin da ke cikin tokar

Rake ɗan dangin ciyawa ne, shi da shinkafa da dawa da gero. Dukan wannan dangi suna tsotso wani sinadari daga ƙasa, mai suna silika, su ajiye shi a jikin kara da ganye. Shi ne ke sa ganyen rake ya yanki hannu, shi ne kuma ke dakushe lauje. In aka matse rake aka fitar da ruwansa, abin da ya rage shi ne tuƙa, kamar dai wadda mai shan rake ke tofarwa, nauyinta ya kan kai wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin raken. Masu mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi da tuƙar suke hura wutar dafa ruwan raken, manyan injinan sukari ma da ita suke tafasa tukwanensu. Bayan ta cinye sai a sami toka 'yar kaɗan, kamar kilo 6 daga tan guda na rake. Fiye da rabin tokar nan silika ce, sau da yawa ta kan kai kashi 60 ko 70 cikin 100.

To, silika ita ce ainihin rairayi, ita ce kuma ainihin gilashi. Mai karatu zai ce, in haka ne mene ne amfanin ƙona rake, ga rairayi jibge a jigawa? Amsar tana ga yadda ƙwayoyin suke zaune. A cikin rairayi a jere suke, a ɗaure da juna tam, ba abin da ke taɓa su ko sun shekara dubu a ruwa. A cikin tokar da aka ƙona daidai kuwa a hargitse suke, ba su da tsari, ga su da laushi da ƙofofi masu yawa. Irin wannan silika in ta haɗu da ruwan farar ƙasa toyayya sai ta narke a hankali, su biyun su zama wani danƙo mai daskarewa wanda ruwa ba ya sāke narkar da shi. Danƙon nan shi ne dai wanda ke riƙe da siminti in ya kama. Abin da ake nufi da farar ƙasa toyayya shi ne dutsen farar ƙasa da aka gasa a wuta mai zafin digiri 900 a ma'aunin santigired, sa'an nan aka kashe shi da ruwa ya zama gari.

Rumawa ne suka fi shahara da wannan haɗi a zamanin dā. A kusa da garin Potsuwoli, a gefen Nafuli ta ƙasar Italiya, akwai tokar dutse mai aman wuta, da ita suke cuɗa farar ƙasa su yi ginin da ke kamawa ko a cikin teku. Maginin nan Bitrubiyus ya rubuta labarinta tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ƙubbar Fantiyon da aka gama a Rum wajen shekara ta 126 tana tsaye har gobe. Daga sunan garin aka sami kalmar pozolana, wadda yanzu ake kiran duk wani gari mai wannan hali da ita. A Indiya garin jan bulo ake dakawa don wannan aiki, suna kiransa surki. Da Joseph Aspdin ya fito da simintinsa a Ingila a 1824 sai aka yi watsi da tsofaffin dabarun a wurare da yawa. Tsadar siminti ce ta sa aka waiwaye su, da kuma sanin da aka yi daga baya cewa gasa shi a zafin digiri 1,450 yana fitar da wajen kashi 7 ko 8 cikin 100 na iskar gawayi da ɗan Adam ke saki a duniya. Masanan Kuba sun buga bincikensu a kan tokar injinan sukari da farar ƙasa a 1998, na Barazil da na Indiya kuma, waɗanda ƙasashensu suka fi kowa noman rake, sun yi aiki mai yawa a kai.

Abu guda dai ya wajaba a riƙe: tokar rake ita kaɗai ba siminti ba ce. Ba ta da farar ƙasa isasshiya a jikinta. In aka kwaɓa ta da ruwa zalla aka shanya, gari za ta koma. Sai tana da abokin haɗi, ko farar ƙasa, ko siminti kaɗan. Dalilin da siminti ke yi mata aboki shi ne, sa'ad da yake kamawa ya kan fitar da farar ƙasa a jikinsa wadda ba ta ƙara masa ƙarfi, tokar kuwa sai ta kama wannan ragowa ta mai da ita danƙo.

Ƙuna ita ce inda aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. In wutar ba ta isa ba sai tokar ta fito baƙa, cike da gawayi, gawayi kuwa ruwa yake sha, ba ya kama kome. In wutar ta wuce kima, ta haura digiri 800 ta daɗe, sai silikar ta koma ta jeru, ta zama kamar rairayin jigawa, amfaninta ya tafi. Tsakanin digiri 600 da 700 ake so, da iska isasshiya, har tokar ta fito fari-fari ko ruwan toka mai haske. Murhun mai mazarƙwaila ba a yi shi don wannan ba, tukunyar injin sukari ma haka, saboda haka tokarsu ta kan zo a gauraye: wani ɓangare ɗanye, wani ya ƙone ƙurmus, ga yashin da ya biyo raken daga gona. Sai an tankaɗe, an niƙa ta yi laushi kamar siminti, wani lokaci ma sai an sāke ƙonawa. Ma'aunin da Amurkawa suka kafa, wanda ake bi a ƙasashe da yawa, ya ce silika da sinadarin alminiyam da na ƙarfe in an tara su kada su gaza kashi 70 cikin 100 na garin.

Gwajin Zariya

Injiniya ba ya yarda da ƙasa sai ya auna ta. Awo na farko na danƙo ne, wanda Albert Atterberg, mutumin Suwidin, ya ƙago a 1911. Ana duba yawan ruwan da zai sa ƙasar ta fara malala, da kuma wanda in an mulmula ta kamar igiya mai kaurin milimita 3 za ta fara karyewa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ma'aunin danƙonta, in ta yi faɗi ƙasar mai kumbura ce. Awo na biyu na daɓewa ne, wanda R. R. Proctor ya tsara a 1933, don a san ruwan da ya dace a zuba kafin a kirɓa. Kowace mace da ta taɓa yin daɓe ta san wannan da hannunta: busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, mai ruwa da yawa kuma sai ta riƙa gudu daga ƙarƙashin madaɓi. Awo na uku daga Kalifoniya ya fito. Ana danna sandar ƙarfe cikin ƙasar da aka daɓe, a gwada ƙarfin da ta nuna da na farfasasshen dutse, wanda aka ba lamba 100. Ƙa'idar hanyoyi da gadoji ta Nijeriya ta 1997 tana neman 30 ga shimfiɗar ƙasa, 80 ga shimfiɗar da kwalta za ta hau.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa K. J. Osinubi da abokan aikinsa sun daɗe suna gwada toka iri iri da waɗannan ma'aunai. A binciken da suka buga a 2009 sun cuɗa jar ƙasa da tokar tuƙar rake ita kaɗai, daga kaɗan har zuwa kashi 12 cikin 100. Ƙasar ta fi ƙarfi a kashi 2, amma duk da haka lambarta a awon Kalifoniya 16 ce kawai, ƙarfin da ta jure kafin ta murƙushe bayan kwana 7 kuma bai cika rabin abin da ake nema ba. Hukuncinsu shi ne toka ita kaɗai ba ta isa ba, sai dai ta zama mataimakiya. A wani bincike na wannan shekara sun gwada baƙar laka mai kumbura da farar ƙasa da tokar tare, suka ga haɗin kashi 8 na farar ƙasa da kashi 4 na toka shi ya fi dacewa.

Akwai abin lura biyu a nan. Na ɗaya, ƙarin toka ba ƙarin ƙarfi ba ne. In ta wuce abin da farar ƙasar da ke wurin za ta iya kamawa, ragowar gari ne marar nauyi, sai ya sa ƙasar ta yi sako-sako ta ƙara neman ruwa. Na biyu, a wajen laka farar ƙasa ce ke fara aiki. Cikin 'yan sa'o'i ta kan sa fallayen lakar su dunƙule, danƙon ya ragu, ƙasar ta zama mai marmashi kamar tsaki, ta daɓu da sauƙi. Aikin toka a baya yake zuwa, a hankali, daga mako huɗu har wata uku ko fiye. Wannan binciken ya cancanci yabo domin bai yi wa tokar ƙarin gishiri ba. Sau da yawa in labarin irin wannan gwaji ya fita daga jami'a ya shiga bakin mutane, sai a ji ana cewa an gano toka ta maye gurbin siminti, alhali masu gwajin ba su faɗi haka ba.

Ga Haɗejiya, abin da ya fito daga wannan shi ne lakar fadama farar ƙasa da toka take so, rairayin tudu kuwa siminti da toka, domin farar ƙasa ba ta samun abin kamawa a cikin rairayi. Mafi sauƙi ma duka shi ne a fara da gauraya ƙasashen biyu, rairayi ya rage wa laka danƙo, laka ta ba rairayi abin riƙo, kāna a zo ga zancen ƙari. Jar ƙasa daban, baƙar laka daban, ƙasar fadamar Auyo kuma daban, kowace sai an yi mata nata awo.

Lissafi

Sai kuma a tambayi yawa, gama nan ne shawarwari da yawa ke tuntuɓe. A ɗauki hanya mai tsawon kilomita 1, faɗin mita 7.3, a ce za a gyara shimfiɗa mai kaurin santimita 15. Ƙasar da ke ciki ta kusa tan 2,000. Kashi 4 cikin 100 na wannan tan 80 ne na toka. In tan guda na rake yana ba da kilo 6, to sai an matse fiye da tan 13,000 na rake, watau amfanin gona mai faɗin hekta 200 da ɗoriya in an ƙaddara hekta tana ba da tan 60. Ban da wannan ga tan 160 na farar ƙasa da za a saya a ɗauko. Duk don kilomita guda ke nan.

Raken da ake nomawa a fadamun ƙasar Hausa yawancinsa na sha ne, tuƙarsa a tasha da kasuwa da bakin hanya take warwatse, ba mai iya tara ta. Toka mai yawa sai inda injin sukari yake. Na Bacita ya fara aiki a 1964, na Savannah yana Numan, na Sunti a jihar Neja an buɗe shi a 2018, dukansu nesa suke da Haɗejiya. Bayan gwamnatin tarayya ta fitar da babban shirinta na sukari a 2012, an keɓe wa wani kamfani fili mai faɗi a ƙasar Gagarawa don rake da inji. Duk inda irin wannan inji ya kama aiki sosai, tokarsa ta kan zama tsibi da ake neman inda za a kai, a nan ne zancen hanya zai yi ma'ana. Ko a nan ma akwai mai jayayya da injiniya, shi ne manomi, domin toka taki ce, tana mayar wa gona da sinadarin da rake ya kwashe.

Amma fa Haɗejiya ƙasar shinkafa ce tun kafin a yi mata madatsa, balle yanzu da aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo a Janairun 2023. Ɓuntun shinkafa kuwa ya fi tuƙar rake ta kowace fuska a wannan sha'ani. Tan guda na shanshera yana ba da ɓuntu wajen kilo 200, shi kuma ya ba da toka wajen kilo 40, silikar cikinta ta kan haura kashi 85 cikin 100. Kuma ba sai an bi kasuwa ana tsince ba, ga shi nan tuli a bayan kowane injin casa, wani yana cin wuta a hankali yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Duk abin da aka faɗa game da ƙuna da niƙa da abokin haɗi ya shafe shi daidai. Wanda ke son ya amfani mutanen Guri ko Kiri Kasamma da wannan ilmi a bana, daga ɓuntu ya kamata ya fara, ya bar tokar rake sai ta samu.

A aikin gida lissafin ya fi sauƙi, domin ba dukan bango ke bukatar gyara ba, gindinsa ne. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, in za a gyara gindinsa zuwa tsayin santimita 60 da kaurin santimita 30, ƙasar ta kai tan 5. Kashi 5 cikin 100 na toka kilo 250 ke nan, watau tokar ɓuntun shanshera tan 6 da 'yan kai, da kuma siminti ko farar ƙasa kamar haka. Buhu biyar na siminti ba buhu ashirin ba ne. Akwai ma wata farar ƙasa da ake zubarwa a gari, ita ce farin garin kabayid da ke saura a wurin masu walda da gas, an kuwa gwada shi da toka a wurare da dama ya kama. Ana iya kirɓa haɗin a cikin katako kamar daɓe, ko a matse shi bulo bulo da injin hannu irin wanda aka ƙago a Bogota ta Kolombiya a shekarun 1950. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera nata irin.

Sai dai akwai sharuɗɗa waɗanda in aka tsallake ɗaya an yi asarar kuɗi. Ƙasar sama ta fadama, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ba ta karɓar siminti ko farar ƙasa, sai a kware ta a ɗebi ta ƙasa. Haka ciyawa da kashin doki, waɗanda ke da amfani a tubalin gargajiya, ba su da wuri a wannan haɗi. Busasshe ake fara gauraya shi har launin ya zama ɗaya, sa'an nan a yayyafa ruwa. Bayan an daɓe kuma, abin da magini ya saba shi ne ya bar wa rana, nan kuwa akasin haka ake so. Danƙon ba ya tsira sai da laima. Lokacin gini a ƙasar Hausa ya faɗo daidai da hunturu, sa'ad da iska ke busar da kome cikin yini guda, saboda haka dole a rufe aikin da buhuna ko tabarmi ko leda, a riƙa jiƙawa safe da yamma har mako huɗu. Mai tankaɗe da mai niƙa su ɗaure hanci da baki, domin ƙurar silika tana yi wa huhu illa, farar ƙasa kuma tana cin fata da ido. Bayan duk wannan, gyararren gindi jinkirta ɓarna yake yi, ya ba bango ikon jure ruwan 'yan kwanaki. Ba ya hana kogi zuwa. Ɗaga harsashi bisa tudun ƙasa, da gyaran jinga, da share kacalla daga hanyoyin ruwa, duk suna nan a matsayinsu.

Malamin kwalejin horon malamai yana iya nuna wa ɗalibansa wannan duka ba tare da ɗakin gwaji ba, kamar yadda kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa suke a tsakiyar ƙasar da ake zance. A fara da kwalba: a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti guda, turɓaya ta biyo bayansa, laka kuwa sai ta kwana ba ta gama sauka ba, kaurin kowane layi ya nuna rabonsa. Sa'an nan a buga ƙananan bulo iri huɗu daga ƙasa ɗaya: na ƙasa zalla, na ƙasa da toka, na ƙasa da farar ƙasa, da na ƙasa da farar ƙasa da toka. A rubuta awon kowanne, a rufe su da jiƙaƙƙen buhu kwana 28, a shanya a inuwa, a auna nauyinsu. Daga nan a jera su cikin daro, a zuba ruwa zuwa rabin tsayinsu, a sa ɗalibai su riƙa rubuta sa'ar da kowanne ya fara zubewa, da inda laima ta kai a jikinsa, da nauyin wanda ya saura bayan kwana uku.